Godiya ga dillaliyar littafi, da waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Litinin ɗin nan na sa hannu a takardar yarjejeniya da wani kamfanin ɗab'i na Faransa, kuma labarin da na shekara huɗu ina fama da shi zai fito.

Godiyata ta farko ga wakiliyata da ke Faris, wadda har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba. Inna na kiranta dillaliyar littafi, kuma gaskiyar Inna ce. Aikinta ta ɗauki rubutunka ta kai wa masu ɗab'i, ta yi ciniki, in an saya ta ɗauki la'adarta, kashi 15 cikin ɗari, kashi 20 in an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa. In ba a saya ba, ko dala ba ta da ita. Ban san haka ba tun farko, shi ya sa wani ya karɓe mini jaka hamsin wai kuɗin karanta littafi, daga nan lambarsa ta daina shiga. Allah ya isa na yi, daga baya na yafe.

Ita kuwa na aika mata wasiƙar gabatar da kai, taƙaitaccen labarin, da babi uku na farko. Wata biyu shiru. Da amsa ta zo, a'a ce, amma a'a mai shafi uku. Ta ce labarina bai fara ba sai a babi na huɗu, inda yarinyar ta tsallaka Gulbi da damina, ukun farkon duk share fage ne. Ta ce kuma in daina bayyana wa Bature mene ne fura, wanda yake so ya sani zai nema. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba don haushi. A na uku na sake karantawa, na ga ba inda ta yi ƙarya. Na yanke shafi sittin, kamar ana cire mini haƙori.

Gyaran ya faɗo a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar, Najeriya ta yanke mana wuta. Na rubuta mata cewa aiki zai yi jinkiri, ta amsa da layi ɗaya, wai in kula da iyalina, littafi ba ya ruɓewa. Mai cajin waya na unguwarmu ta Zariya a Maraɗi, kai ka riƙe mini kwamfuta a kan solarka ba ka karɓi ko sisi ba, Allah ya buɗa maka kasuwa.

Malam, da kai muka zauna a kan tabarma bayan isha'i muna juya Hausata zuwa Faransanci, mun yi sati muna gardama a kan kalmar kunya, ba mu samo mata daidai ba muka bar ta yadda take. Ladanka na wajen Allah. Uwargida, kin sha jin "saura kaɗan" har kin daina tambaya, na gode da haƙuri. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da suka karanta mini rubutun farko, ban manta ba.

Masu tambayar littafin na Hausa, na riƙe haƙƙinsa a hannuna, wakiliyar ce ma ta sa aka rubuta hakan a yarjejeniyar. Inna ta ce sai an karanta mata shi tukuna kafin ta sa albarka.