Maganin amai da leɓen Inna

Inna ta daɗe da ciwon sukari, har ya taɓa jijiyoyin da ke motsa tumbinta. Tuwon dare sai ya kwana a ciki, da asuba ta amayar da shi, har miyar kukar ana ganewa. Na ɗauke ta a mashin daga ƙauyenmu zuwa asibiti a Ringim, likita ya rubuta Maxolon, wato metokulofiramid, miligiram 10, a sha rabin awa kafin cin abinci. Ya ce min tumbi tsoka ce mai tura abinci zuwa hanji, sinadarin dofamin kuma shi ke taka mata birki. Maganin yakan toshe gurbin da dofamin ke kamawa, sai tsokar ta samu ƙarfin matsawa. Kuma wallahi ya yi aiki, aman ya tsaya.

Na ɗan lokaci aka rubuta shi. Amma da na koma Kano wurin aiki, ƙannena suka riƙa kai wa mai kemis kwalin da ya ƙare, shi kuma yana miƙo sabo, wata da watanni, bai taɓa tambayar takardar likita ba. Wannan abu har yau yana ci min rai.

Da na zo hutun sallah na tarar Inna tana tauna ba komai a baki, leɓe na motsi, harshe na leƙowa. Gwaggo ta ce iska ce, har an fara turare. Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, a bari likita ya gan ta tukuna.” Da muka kai ta, likitan yana kallon bakinta ya tambaya ko har yanzu tana shan ƙwayar nan. Ashe irin gurbin da maganin ke toshewa a tumbi akwai shi a ƙwaƙwalwa, a sashen da ke daidaita motsin jiki, kuma maganin yana kaiwa can. Tsofaffin mata da masu sukari sun fi shiga haɗari. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kada a wuce mako 12, ta Turai kuma a 2013 ta taƙaita shi zuwa kwana 5. Mutumin da ke sayar da shi kullum a ce bai san haka ba?

Aka dakatar da maganin nan take. Yanzu kunu da fate take sha, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, an rage mata maiƙo, ana kuma bin sukarin sosai. Motsin leɓen ya ragu, alhamdulillahi, amma bai tafi duka ba, kuma likita ya faɗa min gaskiya, wani yakan zauna da shi har abada.

Duk mai jinyar tsoho, in an rubuta wannan magani, ya tambayi ranar dainawa, ya rubuta a jikin kwalin, ya kuma riƙa duban bakin mara lafiyar. Mai kemis ɗin na same shi na faɗa masa ido da ido. Wai shi taimako yake yi.