Gyaran binciken tsawon taku a lissafin noman rani

Masu daidaita lissafin ruwa da taki da yawan shinkafar da ake samu a fadamar Auyo ko Kadawa sun san wannan matsala: manhajar ta gano inda gangare yake, amma ta kasa yanke tsawon takun da za ta yi, sai ta tsaya cak. A SciPy, wato ɗakin kayan lissafi na harshen manhaja na Python, aikin line_search mai binciken tsawon taku yakan dawo da None (babu amsa) a matsayin tsawon takun idan ya gaza.

Kafin ka taɓa komai, ninka giradiyan (jerin lambobin da ke nuna inda tudu ya fi hawa) da alkiblar tafiya, lamba da lamba, ka haɗa jimilla. Idan sakamakon bai gaza sifili ba, hawa tudu kake yi, kuma rage taku ba zai cece ka ba. Sau da yawa gazawar binciken laifin giradiyan da aka rubuta da hannu ne.

Sai sharuɗɗa biyu da ake auna tsawon taku da su. Na Armijo yana so ƙimar da ake neman ragewa ta ragu daidai gwargwado, da c1 (lambar ma'aunin wannan sharaɗi) na 0.0001. Na Wolfe yana hana ɗan guntun taku: c2, lambar ma'auninsa, ya zama 0.9 ga BFGS, 0.1 ga hanyar CG, wato hanyoyi biyu na zaɓen alkiblar tafiya. Ga BFGS fara da taku 1. Wanda ya tsaya kan Armijo kaɗai, yana raba taku biyu, zai iya samun ninkin s (takun da aka yi) da y (canjin giradiyan) ƙasa da sifili, matiris ɗin da BFGS ke sabuntawa a kowane zagaye, wato teburin lambobinsa, ya lalace. Tsallake sabuntawar a wannan zagayen.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne NaN, wato amsar "ba lamba ba ce" da manhaja ke bayarwa idan lissafi ya ƙi yiwuwa. Babban taku ya mai da yawan ruwa ƙasa da sifili, logaridim ya ƙi, kuma duk gwajin "ya fi" ko "ya gaza" da NaN amsar "a'a" yake bayarwa. Ɗauke shi a matsayin taku da ya wuce gona da iri, ka rage.

Daidaita ma'auni kuma: kilo dubbai da hekta ɗaya ba sa tafiya tare sai an raba kowanne da girmansa.