Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har takardar ta iso

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, takardar ɗaukar aikin ta iso hannuna ranar Alhamis da yamma, kuma tun daga lokacin ban iya amsa ko rabin kiran da ake yi mini ba, domin gajiyar wata huɗu ce ta sauko mini gaba ɗaya. Kun san yadda aka yi jarrabawar, da ɗage ganawar da aka yi har sau biyu, da makonnin da aka yi shiru kamar an shuka dusa, saboda haka ba zan maimaita muku ba.

Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne, saura ƙiris in janye tun ba a je ko'ina ba. A daren da wa'adin zai cika, ƙarfe goma ta yi mini na riga na cike fom, na ɗora takarduna duka, amma hannuna ya ƙi danna wurin aikawa. Sanarwar ta jero sharuɗɗa goma sha ɗaya, na cika tara, sai idona ya kafe a kan biyun da suka rage. Zuciyata ta yi ta raya mini cewa shekara tara da na yi ina mataimakiyar akanta sa'a ce kawai da rufin asiri, kuma ranar da na zauna gaban manyan masana asirina zai tonu.

A wannan hali Hajiya, tsohuwar shugabata a wurin aiki, ta kira ni. Na san ba ta son a ambace ta a bainar jama'a, amma yau sai ta yi haƙuri da ni. Da na ce mata na fasa, ba ta lallashe ni ba, sai ta ce, “Karanta mini sanarwar tun daga farko.” Ina cikin karantawa ta tsayar da ni, ta nuna mini cewa sharuɗɗan nan biyu suna cikin abubuwan da aka ce an fi so, ba sa cikin waɗanda aka wajabta. Daga nan ta shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: wa ya gano kuɗin da aka shigar sau biyu a shekarar da lissafinmu ya ƙi daidaita da na banki har kwana uku, wa ya koyar da sababbin ma'aikata, wa masu binciken kuɗi suke nema idan sun zo ƙarshen shekara. Kowace tambaya amsarta ni ce, kuma kunya ta hana ni faɗa. Sai ta ce, “'Yata, kwamiti aka kafa don ya tace masu nema. Ke wa ya naɗa ki a cikinsa, har za ki cire sunanki da hannunki?” Ba ta kashe wayar ba sai da na aika, saura minti ashirin a rufe. Hajiya, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifanki, ya sa 'ya'yanki su sami mai tsaya musu kamar yadda kika tsaya mini.

Ƙanena, wanda yake karatun halayyar ɗan Adam, shi ya fahimtar da ni daga baya cewa ba ni kaɗai ke fama da wannan ba. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kan mata fiye da 150, masu manyan digiri da muƙamai da kuma ɗalibai haziƙai, waɗanda duk da haka suke ganin kansu 'yan sojan gona, suna jingina nasararsu ga sa'a ko ga kuskuren waɗanda suka zaɓe su. Ya kuma gaya mini cewa wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya bayyana tun 1977 cewa aikin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara ya fi kalaman ƙarfafa gwiwa tasiri wajen sa shi ya yarda zai iya. Sai a lokacin na gane hikimar Hajiya da ta bar yabo ta kama lissafa mini ayyukana. Na gode, ƙanena, har da dararen da ka zauna kana yi mini tambayoyi da fuskar shanu kamar kai ne shugaban kwamitin.

Akwai kuma wani dattijo da nake fatan saƙon nan ya kai gare shi. Ranar ganawar ƙarshe mutum biyar ne a gabana, aka tambaye ni yadda ake shigar da haya a littafi bisa ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya da ake kira IFRS 16, wadda ta fara aiki a 2019. Abu ne da na yi da hannuna ba sau ɗaya ba, amma bakina ya bushe, kaina ya ɗauke, takardar da ke hannuna tana rawa kowa yana gani. Dattijon da ke ƙarshen tebur ya turo mini kofin ruwa a hankali, ya ce, “Sha ruwa, 'yata, ba sauri muke yi ba.” Ina ajiye kofin bayanin ya dawo mini: wanda ya ɗauki abu haya yana rubuta haƙƙin amfani da abin a matsayin kadara, kuɗin da zai biya kuma a matsayin bashi, ban da hayar da ba ta wuce wata 12 ba ko ta abu mai ƙaramar daraja. Tambayar da ta biyo baya kuwa ban san amsarta ba, na faɗi gaskiya, na bayyana inda zan duba, kuma na ga ya gyaɗa kai yana rubutu. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanyaya maka ranar da kowa ke neman sanyi.

Maigidana ya riƙe yara da gida ba tare da ya taɓa nuna gajiya ba, mahaifiyata kuma ba ta ɗaga goshinta daga sallaya ba. Allah ya biya su, ya bar mu tare, ya ba ni ikon kyautata musu.

'Yan uwan da suka ce mini in tsaya inda Allah ya ajiye ni, waɗanda wata huɗu ban ji ko sallamarsu ba, na ga kiransu tun ranar Juma'a, kuma zan amsa idan na huta. Ban riƙe kowa ba, sai dai da kalma ɗaya ta zo a wancan lokacin, da ta yi mini amfani.

Zan kama aiki ranar Litinin, kuma akwai wata shida na gwaji a gabana. Har yanzu gabana yana faɗuwa idan na tuna, don haka kada ku janye addu'arku. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi mini afuwa, zan neme shi da kaina in sha Allah.