Abin da na koya wajen mai horar da masu neman aiki

An tashe mu da cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa idan muka zo rubuta CV sai mu ɓoye a bayan kalmomi irin su "mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya zama da jama'a". Lokacin da nake neman aikin akanta a ƙungiyoyin agaji, abu na farko da mai horar da ni ya sa na yi shi ne goge waɗannan duka. Hujjarsa ita ce kowa yana rubuta su, kuma babu mai iya tabbatar da su.

A madadinsu ya ce in kawo ayyuka 10 da na yi da hannuna, kowanne da abu uku: matsalar da na tarar, matakin da na ɗauka, da sakamako a lamba. "Ina kula da lissafin ofis" bai gaya wa kowa komai ba. "Na mayar da lissafin rassa 3 daga littafi zuwa manhajar lissafi ta QuickBooks, rufe lissafin wata ya dawo kwana 6 maimakon 10" kuwa shaida ce, ba yabo ba. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, domin sai ka koma tsofaffin rahotanni ka tono alƙaluman. Wanda ba ka da tabbacinsa, bar shi, don a intabiyu za a tambaye ka yadda ka same shi.

Daga cikin goman muka zaɓi uku masu kama da juna, muka fitar da jimla ɗaya: wane ne ni, me na ƙware a kai, wa nake yi wa. Ita ce ta hau layin da ke ƙarƙashin sunana a LinkedIn (shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki), wanda ba ya ɗaukar fiye da haruffa 220. Sashen bayanin kai yana ɗaukar 2,600, amma layukan farko kawai ake gani kafin a danna don ganin sauran, saboda haka mafi ƙarfin shaidarka ta zo a sama.

Sai daidaita bayanai. Ya ce, "Malam, Muhammad kake ko Mohammed?" Rubutun suna ya zama iri ɗaya a CV, da takardar NYSC, da ta ƙungiyar akantoci (ICAN ko ANAN), da adireshin imel. Haka shekarun fara aiki da barinsa. Mai ɗaukar ma'aikata idan ya ga saɓani ba ya kira ya tambaya, wucewa yake yi. Kuma a leƙa abin da baƙo zai gani a Facebook ɗinka.

Manyan ƙungiyoyi da yawa manhaja ce ke fara karanta CV kafin mutum ya gani. Jadawali, shafi mai gida biyu, ko CV da aka ɗauka a hoto suna rikita ta. Mun mayar da tawa shafi 2 na rubutu zalla, kuma duk tallar da na gani a shafukan tallar aiki irin su ReliefWeb ko Jobberman sai in ɗauko kalmomin da suka maimaita, in sa su inda gaskiya ne na yi aikin.

Game da zaɓen mai horarwa: wanda ya ce zai samar maka aiki, rabu da shi. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan yawan zama, kuɗi, da abin da za ka fita da shi. Kada ka yarda ya rubuta maka komai da kansa. Kai ka rubuta, shi ya gyara, sannan ku yi gwajin intabiyu kana ɗaukar muryarka a waya, har ka iya faɗin jimlarka da misali ɗaya cikin minti ɗaya ba tare da duba takarda ba.