Kafin a sayi iri: yadda ake lissafa lambun da zai ishi tukunyar gida

Lissafin lambun gida daga tukunya yake farawa. A tambayi uwargida abin da miya ke ci a mako: tumatir nawa, albasa nawa, sau nawa ake miyar ganye. Idan ba a yi haka ba, sai a ga tumatir ya nuna gaba ɗaya ana rabawa maƙwabta, bayan wata guda kuma an koma cefanensa a kasuwa.

Mu ɗauki gida mai mutum 8 da ke cin rabin kilo na tumatir kullum. A wata uku kilo 45 ke nan. Tushe ɗaya na irin Roma ko UC82B, in ya samu taki da ruwa, yana ba da kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saboda haka tushe 30 ne mafi ƙaranci, sai a ƙara 10 saboda tsutsa da wanda zai mutu bayan dashe. A tazarar santimita 60 tsakanin layi da 45 tsakanin tushe, tushe 40 zai ci wajen murabba'in mita 11.

Amma kada a dasa su rana ɗaya. Waɗannan irin suna sauke 'ya'yansu ne cikin mako uku zuwa huɗu, su gama. A raba su kashi uku, tsakanin kowane kashi da na gaba mako uku. Iri yana yin mako uku zuwa huɗu a wurin raino, sannan wata biyu da ɗoriya kafin a fara tsinka. A ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi, kashin farko a zuba shi a Oktoba, na ƙarshe kada ya wuce Disamba, domin da zarar zafin Maris ya shigo fure zubewa yake yi. Abin da ya yi rara a yanka a shanya, sai dai a sani kilo 10 na ɗanye da ƙyar yake ba da kilo ɗaya na kauɗa.

Albasa ita ake shukawa sau ɗaya a ajiye. Biyu kullum na wata shida 360 ne, amma ajiya tana ci, don haka a dasa 500. A tazarar santimita 15 da 10, murabba'in mita 8 ya isa. 'Yar Galmi ta yi suna wajen jure ajiya. A yanke mata ruwa kamar kwana 10 kafin cira, a bar wuyanta ya bushe a inuwa. Wadda aka cire da ɗanyen wuya ita ke ruɓewa ta shafi sauran.

Alayyahu ba ya son yawa, maimaici yake so. Kwami ɗaya mai murabba'in mita ɗaya duk mako biyu ya wadatar, a gauraya irin da yashi don kada ya cunkushe. Mako uku zuwa huɗu an fara yanka. Attarugu tushe 8 ya ishi gidan, tattasai 15, zogale biyu a jikin katanga. Kuɓewa tushe 25, amma a jira sanyin hunturu ya wuce, in ba haka ba tsugunewa take yi. In ta fara, a riƙa tsinka duk kwana biyu, don wadda ta ƙosa a jiki tana rage haihuwar uwar.

Sai ruwa, wanda shi ke yanke hukunci. Da rani kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 7 a rana. Duk abin da muka lissafa, da hanyoyin tsakani, bai wuce murabba'in mita 40 ba, amma wannan lita 200 zuwa 280 ne kullum, wato jarka 8 zuwa 11 mai lita 25. Wanda ke saye wajen mai garuwa ya fara cire albasa daga lissafin, tunda a kakarta araha take yi, ya bar ganye da attarugu. Kuma gara tushe 20 na tumatir da ke shan ruwa kan lokaci da 40 da ake ba yau a tsallake gobe, domin wannan tsallaken ne ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ko fatarsa ta tsage.