Abin da aikin allurar tamoji ya koya mini a Yamai

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki ƙarƙashin wata likitar fata a wani asibiti mai zaman kansa a Yamai, kuma cikin ayyukanmu akwai allurar nan mai sassauta tsokar fuska don rage tamoji, wadda aka fi sani da Botox. Babban abin da na koya shi ne, tsira allurar ba ya cin minti goma, nauyin aikin yana kan tantance wadda ta dace a yi wa da kuma tabbatar da abin da ke cikin kwalbar.

Wannan magani dafi ne da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa, irin wanda ke shanye jikin mutum idan ya ci gurɓataccen abincin gwangwani, sai dai an tace shi, kuma ɗan mitsitsi ake amfani da shi. Yana hana jijiya isar da umarni ga tsoka, sai tsokar ta saki, fatar da ke kanta ta daina naɗewa. Tun asali ma ba don ado aka samar da shi ba. Likitan ido Alan Scott na Amurka ne ya fara gwada shi kan masu harara-garke, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi don ciwon ido a 1989, ba ta kuma yarda a yi kwalliya da shi ba sai a 2002, bayan likita Jean Carruthers ta Kanada ta lura cewa layukan tsakanin girar marasa lafiyarta suna gushewa. Nakan ba mata wannan tarihin don su san magani ne za a sa musu, ba kayan shafa ba.

Kafin komai, likita takan zaunar da mace gaban fitila, ta ce ta haɗe gira, ta ɗaga su, ta yi dariya, sannan ta saki fuskarta. Layin da ya bayyana da motsi ya kuma ɓace da hutawa, shi ne allurar ke iya masa. Wanda ya zauna daram ko fuska na hutawa, kaɗan yake raguwa. A nan ne na ga cewa da yawa daga masu zuwa wurinmu ba tsoka ce matsalarsu ba. Wata zafin rana da bushewar hunturu ne suka yamutsa mata fata, wata kuma shekarun da ta yi tana shafa man bilicin ne suka sa fatar ta yi siriri har jijiyoyin jini suna nunawa. Irin waɗannan, barin man da kare fata daga rana sun fi musu amfani, ko da yake ba kowacce ke jin daɗin wannan amsa ba.

Wata Hajiya ta zo saura kwana huɗu bikin 'yarta, ta ce mini, "'Yata, ko nawa ne zan biya, ina so a yi mini yau." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, maganin sai ya kwana uku zuwa biyar yake fara aiki, ba ya cika sai mako biyu, kuma wurin allurar yana iya tara jini ya yi duhu a ranar da kowa zai dube ki." Ta tafi ranta a ɓace, amma likita ta goyi bayana.

Akwai tambayoyin da ba a tsallakewa: ko tana da juna biyu, ko tana shayarwa, ko tana da ciwon raunin tsoka, ko ana yi mata allurar gentamicin ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke ƙara wa dafin ƙarfi. Kunya irin tamu takan hana mace ambatar ƙaramin ciki gaban ƙawa ko dangin miji, shi ya sa nake roƙon 'yar rakiya ta jira a waje kafin in yi tambayar.

Ajiyar maganin ita ta fi ba mu wuya. Ana so ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura 40, ga yankewar wutar lantarki. Don haka safe da yamma nake duba ma'aunin sanyin firiji in rubuta. Kwalbar Botox ta gaske kamar babu komai a cikinta take, sai wani ɗan fari-fari a gindi, kuma idan aka soka sirinjin ruwan gishirin da ake narkar da maganin da shi, da kanta take zuƙe ruwan. Wadda ba ta zuƙa ba, yar da ita ake yi. Awon da aka saba bayarwa a tsakanin gira yunit 20 ne, a raba wuri biyar, kuma awon Dysport, irin wannan magani na wani kamfani daban, ba ɗaya yake da na Botox ba, wanda ya haɗa lissafinsu zai cutar da mutum.

Jabu kuwa har Amurka ya kai, inda a 2024 ya kwantar da mata a asibiti, balle nan da wasu kwalaben ke shigowa cikin jakar matafiya su ƙare a shagunan gyaran jiki. An taɓa kawo mana wata matashiya da fatar idonta ɗaya ta sauko bayan an yi mata allura a irin wannan shago, saboda maganin ya malala zuwa tsokar da ke ɗaga fatar ido. Ba a iya zare shi idan ya shiga. Maganin ɗigawa a ido muka ba ta ya ɗan taimaka, sauran kuwa jira ne na makonni, kuma ba ta san sunan abin da aka sa mata ba balle yawansa.

Wannan ya sa a wurinmu ake buɗe kwalbar gaban mai ita, a rubuta lambarta da awon da aka sa a kowane wuri, a kuma gaya mata tun farko cewa bayan wata uku zuwa huɗu tsokar za ta farfaɗo, in tana son ci gaba sai ta sake biya. Bayan mako biyu mukan kira ta ta dawo, likita ta sa ta sake haɗe gira don a ga ko gefe biyun sun daidaita.