Gyare Mai Ɓamɓaroki: Abin da Rabe-rabensa da Taswirarsa Suka Koya Mini

Duk Bahaushen da aka ambata wa gyare, abin da zai faɗo masa a rai shi ne ƙaton nan mai haƙa rami, wanda yake cika dare da kuka da damina, yake datse shuka tun tana ƙarama, yara kuma suke tono shi su gasa. Masana suna kiran wannan Brachytrupes membranaceus, kuma tsawonsa yakan kai santimita 5. Gyaren da na bibiya a lokacin karatuna na digiri na biyu a sashen nazarin dabbobi a nan Legas ya sha bamban da shi ƙwarai. Yawancinsu ba su kai santimita 1.5 ba, jikinsu a shafe yake, kuma lulluɓe yake da ƙananan ɓamɓaroki irin ƙurar da ke fukafukin malam-buɗe-littafi, wadda take manne wa yatsa da an taɓa ta. Sunan danginsu a kimiyyance Mogoplistidae, suna cikin babban rukunin Orthoptera tare da fara da sauran gyare. An san nau'o'insu fiye da 370 a duniya, mafi yawa a ƙasashe masu zafi da ɗumi, sau da yawa kusa da ruwa.

Darasi na farko na same shi ne a kan teburin ɗakin gwaji, kuma ya shafi yadda ake gane dangin. Mai fara aiki yakan ɗauka cewa ɓamɓarokin shi ne hujja, tunda da shi aka san ƙwaron, alhali shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Ragar kamu tana goge shi, yatsa yana goge shi, ruwan etanol da ake adana ƙwaron a ciki ma yakan ɓare shi ya taru a gindin kwalba. Saboda haka malaminmu ya dage mu riƙa duba abubuwan da ba sa gogewa. Idan aka sa ƙwaron ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga goshinsa ya kumbura ya turo gaba a tsakanin dogayen gashin kansa biyu. Ƙwaurin ƙafarsa ta baya ba shi da dogayen ƙayoyin nan da ke jere a ƙafar gyaren gida, sai ƙananan haƙora kamar na zarto. Tamatar ba ta da fukafuki ko kaɗan. Namijin kuwa, idan yana da su, gajeru ne na kuka kawai, kuma sau da yawa garkuwar da ke bayan kansa ta miƙe ta rufe rabinsu ko fiye. Wannan rashin fukafukin ne yake sa a riƙa ɗaukar balagaggu a matsayin 'ya'yan wani gyaren a zubar da su, sai wanda ya lura da tsinken saka ƙwai a bayan tamatar ne yake gane cewa ta gama girma.

Rabe-raben dangin a takarda ba shi da wuyar haddacewa. Akwai reshen Mogoplistinae, wanda ya ƙunshi kusan dukkan nau'o'in, aka kuma kasa shi kashi biyu, Mogoplistini da Arachnocephalini. Akwai ƙaramin reshen Malgasiinae, wanda aka sani a Madagaska da tsibiran Tekun Indiya. Sai kuma wani reshe da ya ƙare tun da daɗewa, wanda aka gano a cikin ƙaron itacen da ya daskare ya zama dutse a ƙasar Miyanma, mai shekaru kimanin miliyan 99. A ƙarƙashin rassan akwai gidaje, wato abin da ake rubutawa a kalmar farko ta sunan kimiyya: gidan Mogoplistes da Serville ya raɗa wa suna a 1838, gidan Ornebius na Guérin-Méneville a 1844, gidan Arachnocephalus na Costa a 1855, da sauransu irin su Cycloptilum da Ectatoderus. Abin da na koya a nan shi ne wannan jerin ra'ayin masana ne na wani lokaci, yana kuma sauyawa. Tsofaffin littattafan da ke ɗakin karatunmu sun sa waɗannan ƙwari a matsayin reshe kawai a cikin dangin gyaren gida, Gryllidae. An kuma taɓa haɗa su da ƙananan gyaren da ke zama a gidan tururuwa, kafin binciken ƙwayoyin gado ya raba su, ya kusantar da na gidan tururuwar zuwa ga gyare mai ƙafafun haƙa. Wanda ya kwafi suna daga littafin 1960 bai duba rumbun Orthoptera Species File na intanet ba, zai iya rubuta sunan da aka daina amfani da shi tun kafin a haife shi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne alaƙar suna da taswira, kuma labarin da ya fayyace mini ita daga Ingila ya fito. A 1949 aka fara samun wani gyare mai ɓamɓaroki a gaɓar Chesil da ke Dorset, wadda tudun tsakuwa ce mai tsawon kilomita 29 a bakin teku. An ɗauke shi a matsayin nau'in da aka sani a gaɓar Bahar Rum, mai suna squamiger. Da yake an ba shi sunan baƙo, sai aka nema masa labarin zuwa, aka riƙa cewa wataƙila a cikin buhunan yashi aka kawo shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Haka zancen ya zauna shekaru da dama. A 1996 masanin nan na Rasha, Andrej Gorochov, ya bayyana wani nau'i daban daga gaɓar Tekun Atlantika ta Maroko da Fotugal, ya sa masa suna Pseudomogoplistes vicentae, aka kuma gane cewa na Ingila shi ne wannan. A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙara samunsa a tsibirin Sark da ke tsakanin Ingila da Faransa, da Branscombe a Devon, da gaɓar Pembrokeshire a Wales, ga kuma arewacin Faransa. Ƙwaron da ake yi wa kallon baƙon da ya shigo da kayan soja ya zama ɗan ƙasa mai wuyar samu, wanda ya cancanci kariya, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar barazana. Ƙwaron bai motsa daga tsakuwarsa ba, sunansa kawai aka gyara, amma taswirar nau'o'i biyu ta sake zane, matsayinsa a wajen masu kare halittu ma ya sauya. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Wannan nau'in ya kuma amsa wata tambaya da ta dame ni, wato yadda ƙwaron da ba ya tashi yake samuwa a gaɓoɓi masu nisa da juna da tsibirai. Binciken Karim Vahed a Ingila ya nuna cewa tamatar tana saka ƙwai a cikin itacen da teku ya turo gaɓa, kuma ƙwan yakan ɗauki kusan shekara kafin ya ƙyanƙyashe. Itacen da igiyar ruwa ta kawo tana iya sake ɗauke shi, don haka akwai hanyar da ƙwai zai ƙetare ruwan da uwarsa ba za ta iya ƙetarewa ba. Tun da na karanta wannan na daina wuce guntayen katako da rassan da ke zube a gaɓar Badagiri da Tarkwa Bay ba tare da na juya su ba.

Ba kowane nau'i ido yake iya rabawa ba, wasu sai kunne. A 1979 Love da Walker suka yi nazarin gidan Cycloptilum a gabashin Amurka, suka nuna cewa ƙwarin da suke kama da juna sosai a jiki suna da kuka daban-daban. A Arewacin Amurka baki ɗaya nau'o'i kimanin 20 aka sani a gidaje 4, kuma an san su da kyau ne domin an samu masu fita da na'urar naɗar sauti dare bayan dare. A Jafan mutanen gari ma sun san Ornebius kanetataki da ɗan siririn kukansa mai kama da bugun ƙararrawa a cikin shingen lambu. Wasu kuma ba sa kuka sam: Arachnocephalus vestitus na ƙasashen Bahar Rum ba shi da fukafuki, namijin yana buga cikinsa ne a kan ganye, tamatar ta ji girgizar.

Naɗar irin wannan kukan a Legas aiki ne mai cin rai. Sautin siriri ne, ga janareta ta kowace kusurwa, ga ƙarar motoci da ba ta yankewa, ga kwaɗi idan an yi ruwa. Mun koyi fita a sulusin dare na ƙarshe, kafin kiran assalatu, lokacin da gari ya ɗan lafa. Mun kuma koyi cewa naɗin da ba a rubuta zafin wurin a gefensa ba kusan banza ne, domin saurin kukan gyare yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi, har nau'i ɗaya ya yi kamar biyu idan an naɗe shi da sanyin asuba da kuma farkon dare. Wani dattijo mai gadi, mutumin Sakkwato, da ya saba ganina da tocila a bakin dajin fadama, ya taɓa tambayata, "Yaro, wai me kake nema a cikin shara haka?" Na ce, "Baba, gyare nake nema." Da na nuna masa shi a cikin kwalba sai ya ce wannan ai ɗan kyankyaso ne. Ban ga laifinsa ba, domin shafaffen jikin da saurin gudun duk sun yi kama, sai da na nuna masa cinyoyin tsalle na baya ya yarda. Daga baya shi ne ya nuna mini cewa busassun ganyen da suka maƙale a cikin rassa sun fi waɗanda ke ƙasa tara irin waɗannan ƙwari a wurin, domin yana ganinsu idan yana share harabar. Hanyar da ta fi yi mana amfani ke nan: a shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin reshe, a buga shi da sanda, a yi maza a kife kwalba a kan abin da ya faɗo, ba tare da an sa hannu ba.

Idan mutum ya buɗe taswirar wannan dangin a GBIF, rumbun intanet da ke tattara bayanan wuraren da aka samu halittu a duniya, zai ga ɗigo sun yi cincirindo a Turai da Amurka da Jafan da Ostareliya, Afirka ta Yamma kuwa ɗigo jefi-jefi. Da farko abin yakan yi kamar ƙwarin sun fi son can, alhali dangin na ƙasashe masu zafi ne. Ɗigon yana nuna inda mai bincike ya tsaya ne, ya kama, ya rubuta, ya kuma shigar da bayanin. Ostareliya ta samu Otte da Alexander, waɗanda suka wallafa babban nazarin gyaren ƙasar a 1983, suka bayyana ɗimbin sababbin nau'o'i. Gyaren Afirka kuwa da yawa daga cikinsu Bafaranshen nan Lucien Chopard ne ya bayyana su, ya kuma rasu a 1971. Samfuran asali da aka kafa sunayen a kansu suna gidajen adana kayan tarihin halitta na Turai, musamman Paris da Landan, bayanan kuma da Faransanci da Jamusanci aka rubuta da yawansu, wasu a 'yan layuka kaɗan ba zane. Ɗalibin da ke Legas yana riƙe da ƙwaron a raye, amma ma'aunin da zai gwada shi da shi yana wata nahiya. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ɗalibanmu suke guje wa ilimin rabe-raben halittu su koma fannonin da ake gamawa da wuri, kuma asara ce.

Saboda haka malaminmu ya kafa mana ƙa'idar da nake bi har yau: a tsaya da suna inda hujja ta tsaya. Idan tamata ce kaɗai a hannu, ko ɗan da bai balaga ba, a rubuta sunan dangi ko na gida a bar shi haka, domin a mafi yawan gidajen nan sai an fiɗa namiji an duba al'aurarsa ƙarƙashin madubi ake tabbatar da nau'i. Sunan da aka cusa don a cika jadawali yana shiga rumbun bayanai, wani ya kwafa, ya zama ɗigon ƙarya a taswira. Haka nan takardar da ake maƙala wa samfur darajarta ɗaya da ƙwaron. Rubuta "Legas" kaɗai bai wadatar ba a jihar da take da gaɓar yashi, da dajin fadama na bakin tafki, da gonaki a wajen Epe, da lambunan cikin gari. Ana so a sa ainihin wurin da lambobin GPS, da kwanan wata, da irin tsiron ko sharar da aka same shi a ciki, a rubuta da fensir domin tawada tana narkewa a etanol. Danshin Legas ma yana tilasta a fi dogara da kwalba a kan busarwa, domin samfurin da aka soke da allura yakan yi fumfuna cikin ɗan lokaci idan akwatin ba ya rufuwa ruf.

Abin da ya sa nake ganin aikin yana da gaggawa shi ne saurin da gaɓar Legas take sauyawa. Bar Beach da iyayenmu suka sani ta koma filin Eko Atlantic, yankin Lekki ya samu tashar jiragen ruwa da matatar mai, ga babbar hanyar gaɓa ta Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024. Wurare irin Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, mai faɗin hekta 78, wadda aka kafa a 1990, sun rage ne a tsakiyar gine-gine. Ƙwaron da ba ya tashi ba zai yi ƙaura zuwa wani dajin ba idan an cike nasa da yashi. Hotunan da mutane suke ɗorawa a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a gane su, suna taimakawa wajen nuna cewa dangin yana wuri kaza, kuma mai wayar hannu a Agege ko Idi-Araba zai iya ƙara ɗigo na gaskiya daga shingen gidansu, muddin ya ɗauki hoton daga sama da kuma daga gefe, ya bar wayar ta rubuta wurin. Tabbatar da nau'i kuwa yana buƙatar namiji balagagge a kwalba, da naɗin kukansa idan mai kuka ne, da zafin wurin a lokacin da aka naɗa.